Saniyar da Ba Ta Cikin Lissafi

Ni na hana Baffa tashi da shanunsa. Gara in faɗi wannan tun da fari, kada wani ya riga ni.

Sunana Mu'azu. Shekara ta biyu ke nan ina karatun digiri na uku a fannin lissafi a Kano, amma in ka je rugarmu a gefen Ɗansoshiya ka tambayi abin da nake karantawa, za a ce maka ina koyon yadda ruwa ke zama ƙanƙara. Laifina ne. Da wannan misalin na taɓa yi wa yayana Jamilu bayani, shi kuwa ya ɗauka ya baza. "Shekara ashirin a makaranta," in ji shi, "don ka gano abin da mai sayar da ruwan sanyi a tashar Kiru ya daɗe da sani." Duk lokacin da ya faɗa sai raina ya ɓaci, shi ya sa bai daina ba.

Abin da muke nazari shi ne yadda abu ke juyewa farat ɗaya. Ruwa yana ta ƙara sanyi, yana nan dai ruwa, sai a wata gaɓa ya daskare gaba ɗaya. Nawa ɓangaren ya fi kama da ramukan dara. A ce an haƙa ramuka birjik, layi-layi, kowane rami yana da 'yar ƙofa zuwa maƙwabtansa huɗu, wasu a buɗe wasu a toshe. Ka zuba ruwa a rami ɗaya. In ƙofofin da ke buɗe ba su kai rabi ba, ruwan zai jiƙa 'yan ramuka ya tsaya. Da sun ɗan haura rabi, ko da ƙiris ne, yana iya bi har ƙarshen fili. Babu a hankali a hankali a tsakani. Wannan gaɓar da abu ke juyewa ita nake bi tun shekarun baya, kuma ina son ta fiye da yadda ya kamata.

A ƙarshen damina labari ya zo daga wajen Doguwa cewa ciwon huhu ya shiga shanu. Wanda bai tashi cikin makiyaya ba ba zai san abin da wannan suna ke yi wa zuciya ba. Saniya takan yi makonni tana ɗauke da shi, tana kiwo lafiya lau, tana hura wa 'yan uwanta. Sai ran nan ka ji ta yi wani busasshen tari, ka ga ta miƙe wuya ta ware ƙafafun gaba tana neman numfashi. Kafin nan aikin gama ya gama. Baffa, wato mahaifina Dikko, ya ga irin wannan yana saurayi. Garken kakana ya sauko daga tamanin da ɗoriya zuwa goma sha ɗaya cikin wata uku, kuma har yau in yana ba da labarin ba ya kaiwa ƙarshe.

Saboda haka da ya ji, bai yi shawara da kowa ba. Ya ce a ɗaure kaya, a kora shanu arewa, nesa, inda ba wanda ya san su, sai abin ya wuce. Shanunsa arba'in da bakwai ne. A gidanmu ba a faɗin adadin shanu, amma ni ɗan lissafi ne, kuma na riga na yi abin kunyar da ya fi wannan.

Na zo daga Kano na roƙe shi ya ba ni kwana goma sha biyu. Na karɓi babur ɗin Jamilu na bi rugage tun daga bakin tafkin Bagauda, na ratsa Ƙofa, na gangara Tudun Wada har kusa da Doguwa. Ruga sittin da uku na shiga. Ko'ina tambayata uku ce: ina kuke shayarwa, ina kuke kiwo, wace kasuwa kuke ci. Duk rugage biyu da shanunsu ke haɗuwa sai in ja musu layi. Ruga ita ce rami, layin nan shi ne ƙofa. Na ɗora a kwamfuta na saki ciwon daga Doguwa sau dubu, ina kallo. Muddin aka daina kai shanu kasuwa kuma aka raba lokacin shan ruwa, yakan ci 'yan rugage a kudu ya mutu a can. Ba ya ƙetare Tudun Wada.

A gindin tsamiyar Arɗo, shugaban rugagenmu, na yi wa dattawa bayani, da tsinke a hannu ina zane a ƙasa. Na ce tashin ma yana da haɗari, don a burtali garke yakan gogi garke. Na ce mu ƙasa muke da gaɓar, nesa ma kuwa. Baffa ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ka tabbata?"

Malamar da ke duba aikina, Dakta Muhsina, ta sha gaya mini cewa lissafinmu na fili ne marar iyaka, mai ramuka iri ɗaya, kuma ɗan lissafi ba ya cewa ya tabbata sai ya faɗi sharuɗɗan da ya tabbata a kansu. Na tuna da wannan. Amma ga dattawa sun zuba mini ido, ga Jamilu a baya yana murmushin nan nasa na mai ƙanƙara.

Na ce, "Na tabbata, Baffa."

Ya koma gida ya sa aka kwance kaya. Ruga tara suka fasa tashi don Dikko ya fasa.

Mako uku komai ya tafi yadda na ce. Ciwon ya kai bakin Tudun Wada ya yi kamar ya tsaya. Ni kuwa kai ya kumbura. Har na fara tunanin yadda zan mai da abin babi guda a kundina. Ranar wata Juma'a na dawo gida don ƙara tattara bayanai, na kwana, da safe bayan an gama tatsa na fito na tarar da Baffa yana ɗaura wa wata jar saniya igiya a ƙaho.

"Baffa, ina za a kai ta? Mun ce ba kasuwa."

"Wa ya ce kasuwa? Ta aminina Malam Ismail ce. Gobe yayanka zai mayar masa da ita Ƙofa."

Na san haɓɓanaye, kowane ɗan makiyayi ya sani. Mutum ya ba ɗan uwansa ko amininsa karsana ya riƙe, ta haihu sau biyu ko uku, 'ya'yan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar. Ba ciniki ba ne, zumunci ne, kuma saniyar haɓɓanaye ta fi taka daraja a garkenka. Ita ake fara ba dusa. Ba a dukanta. Na san duk wannan kamar yadda na san sunana, amma ban taɓa kawo shi kusa da lissafina ba, don a kaina abu ne na shekaru, saniya ta tafi yau ta dawo bayan shekara huɗu.

Na ce, "Ai sau ɗaya ta haihu. Lokacinta bai yi ba."

Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin da ya sa ake sallama. "Ciwo yana yawo, Mu'azu. In tawa ta mutu, tawa ce. Amma amanar mutum ta mutu a hannuna? Da wane ido zan dube shi? Tun tana da lafiya ake mayar wa mai ita. Haka muka taras."

"Kowa haka yake yi?"

"Duk mai kunya."

A nan gabana ya faɗi.

"Baffa, naka nawa ne a hannun mutane?"

Ba ya son irin wannan tambaya, amma ya ga fuskata. "Huɗu. Biyu a wajen Bagauda, ɗaya a Bebeji. Sai Wule tana wajen kawunka Mudi." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "Ya ma aiko jiya. Ya taso da ita, gobe za su iso."

Kawu Mudi ƙanin mahaifiyata ne, kuma rugarsa tana kudu da Tudun Wada. A taswirata tana cikin waɗanda na riga na shafa wa ja, alamar ciwo ya kai can.

Ban karya ba. Na ja Jamilu gefe na ce ya lissafa mini wa ke riƙe da saniyar wa, a duk rugagen da ya sani. Na ɗauka zai ba ni biyar ko shida. Ya zauna a kan turmi yana ƙirgawa da yatsu, bai ko tsaya tunani ba, har da launin kowace da wadda ta haife ta. Arba'in da ɗaya ya faɗa kafin ya ce sauran sai an tambayi Arɗo. Kwana goma sha biyu na yi a kan babur ɗinsa ina yi wa baƙi tambayoyi, amsar tana zaune a gidanmu tana shan fura.

Cajin kwamfutata ya kusa ƙarewa, sai na shiga Ɗansoshiya wurin mai cajin waya, na zauna a kan benci na fara jan sababbin layuka. Ba su yi kama da na da ba. Na da gajeru ne, daga ruga zuwa maƙwabciyarta. Waɗannan dogaye ne, suna tsallake gari biyu uku, daga Doguwa zuwa Ƙofa, daga Tudun Wada zuwa ƙofar gidanmu. Kuma ba ɗaya bayan ɗaya za su buɗe ba cikin shekaru. Duk a mako ɗaya za su buɗe, don tsoron da ya kama mutane shi ne yake buɗe su.

Na danna. A karo na farko ja ya rufe allon har Bagauda. Na ce ƙila sa'a ce mummuna, na sake. Na sa ya yi sau dubu. A ɗari takwas da wani abu, rugarmu ta koma ja. Mai shagon ya ce, "Malam, lafiya? Ko sakamakon jarrabawa ne?"

Na kira Dakta Muhsina. Na yi mata bayani a hargitse, ta ce in numfasa in sake daga farko.

"Dogayen layuka ko kaɗan ne suna sauko da gaɓar ƙasa, ka sani," ta ce. "Mun yi wannan a zangon farko."

"Na sani, Dakta."

"To, ba lokacin faɗa ba ne. Ka kira malamin dabbobi a yi maganar rigakafi, amma ko yau aka yi allura sai ta ɗauki makonni kafin ta kama. Abin da ke hannunka yanzu shi ne layukan nan. Duk wanda ka iya tsinkawa, tsinka. Ka fara da wanda ke zuwa gidanku."

Na kira malamin dabbobi, ya ce zai shigo ranar Talata. Na kira Kawu Mudi, waya a kashe. Na sake kira har sau bakwai. Mai kora saniya a daji kwana biyu ba ya samun wurin caji.

Na tarar da Baffa a inuwar bukka yana murza igiya. Na tsuguna na gaya masa komai, ban rage ba. Na ce na yi kuskure, na bar haɓɓanaye a waje, kuma in Wule ta shiga garken nan tana ɗauke da ciwon, za a iya rasa yawancinsu. Na ce a tura wa duk masu riƙe da shanunsa cewa kada su kawo.

"In ce wa mutum kada ya kawo mini saniyata?" Bai ɗago ba. "Me zai ji? Zai ji na ce garkensa ruɓaɓɓe ne. Kawunka ya taso tun jiya a ƙafa don ya fita kunyata, ni kuma in tare shi da wannan?"

"Kunya za ta yi mana tatsa in sun mutu?"

Da ƙarfi na faɗa. Ban taɓa ɗaga wa Baffa murya ba, tun da aka haife ni. Mata da ke daka a bayan bukka suka tsaya. Ni kaina na tsorata da abin da ya fito daga bakina, amma ban janye ba, don tsoron da ke cikina ya fi wannan girma.

Ya ajiye igiyar. "Da yanzu muna can arewa," ya ce, a hankali. "Da Mudi bai san inda zai same ni ba. Kai ka ce in zauna."

Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa, idona ya cika.

Can ya ce ta Malam Ismail za ta iya jira zuwa Litinin. Wule kuma in ta zo, a ɗaure ta a tsohon mashekari, inda shanu ke kwana a da, can bayan gonar dawa, ita kaɗai, har a ga halinta. "Amma ni ba zan tare baƙo a hanya ba. Ban iya ba."

"Ni zan tare shi."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da murzawa, ni kuma na san ma'anar shirun Baffa.

Washegari da sassafe na ce wa Jamilu ya kawar da garken daga bakin hanya, ya gangara da su wajen rafi ya zauna a can har in zo. Wannan karon bai yi mini ba'a ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Na tafi mararrabar da hanyar kudu ke shigowa, inda na bi da babur lokacin da nake yawon rugage, na tsaya a gindin wani marke.

Ban san jira yana da nauyi haka ba. Na tsara abin da zan faɗa na rushe ya fi sau ashirin. Zan gaishe shi, in tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, in karɓi igiyar kamar mai rage masa gajiya, in bi da ita ta bayan gona. In ya tambaya in ce Baffa ne ya ce ta huta tukuna. In ya gane fa? To ya gane. Ya yi fushi da ni shekara goma, na yarda. Duk farin abin da ya motsa daga nesa sai in ƙura masa ido. Wata mai tallan nono ta wuce, ta dawo ta same ni a inda ta bar ni, ta ce, "Ɗan Dikko, ko amarya ake kawo maka?" Na yi yaƙe. Wani mai amalanke ya wuce da bijimai biyu, na bi su da kallo ina sauraren numfashinsu kamar mahaukaci.

Rana ta take sosai, inuwar marken ta tattare a gindinsa. Na fara gaya wa kaina ƙila ya kwana a hanya, ƙila ya ji labari ya juya.

Sai na ji sallama daga bayana.

Daga bayana, ta ɓangaren gida. Na waiwaya na ga Kawu Mudi, da malfa a ka, sanda a kafaɗa, ƙafafunsa jiƙe har gwiwa. Ya rame ƙwarai. A hannunsa akwai igiya a nannaɗe, kuma babu komai a ƙarshenta.

"Mu'azu! Ashe kana gari. Yayanka ya ce kana nan kana jirana, na ce bari in zo in ɗauke ka, kada rana ta gasa mana malami."

Na durƙusa na gaishe shi. Bakina ne ke gaisuwar, ni ba na ciki. Ya gida, ya su Inna, ya hanya. Ya amsa duka. Ban iya kaiwa ƙarshe ba na ce, "Kawu, ina Wule?"

"Tana cikin 'yan uwanta." Ya yi dariya, irin ta wanda ya sauke kaya. "Ta rafi na biyo. Wa zai kora saniya kwana biyu ya bi ta kan tsakuwa? Ruwa ake fara nema mata. Muna gangarowa ta jiyo ƙanshinsu, ta yi wani kuka, ta fizge. Shekara uku, amma ba ta manta ba. Na kwance ta kawai."

Ni da babur na san ƙasar nan. Hanyar da babur ke bi na tsare, kuma ni da bakina na tura garken inda duk mai saniya zai biyo.

"Kawu," na ce, "naka fa? Lafiyarsu ƙalau?"

Dariyar ta ɗauke. Ya kalli igiyar hannunsa. Tambaya ce da ba a yi, amma ya amsa.

"Shida sun faɗi. Shi ya sa na yi sauri, ɗana. Na ce ko duka za su tafi, ban da ta Dikko. Ita ko tari ba ta yi ba sai jiya da yamma, shi ma na gajiya ne."

Ban san lokacin da na bar shi a wurin ba. Gudu na yi, ta cikin gonar dawa, ganye yana yanka mini fuska. Na faɗi sau ɗaya na tashi. Da na ɓullo bakin rafin na tarar Baffa ya riga ni, yana tsaye a kan gaɓa da hannuwa a baya. Jamilu yana cikin ruwa, yana ƙoƙarin kewaye wata farar saniya mai baƙin kunne, sauran kuwa sun yanyame ta. Suna shinshinar ta, suna lasar wuyanta, hanci da hanci, yadda shanu ke yi wa tasu in ta dawo.

"Na yi ƙoƙari," in ji Jamilu, bai dube ni ba. "Kafin in buɗe baki ya kwance ta. Kawu ne. Me zan ce?"

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

Aka samu aka jawo ta gefe. Ta tsaya a kan yashi, ta miƙe wuya gaba, ta ware ƙafafunta. Haƙarƙarinta yana shiga yana fita da sauri. Baffa ya matsa ya ɗora tafinsa a bayan kafaɗarta ya ɗan danna, ta yi nishi ta kauce. Ya janye hannun a hankali. Na ga leɓensa yana motsi, ban ji abin da yake faɗa ba.

Kawu Mudi ya iso yana haki. Ya dubi saniyar, ya dubi Baffa, sai sandar ta zame daga kafaɗarsa. "Dikko, wallahi don in tsirar maka da ita ne."

"Na sani," in ji Baffa. "Ka cika amana. Sannu da hanya. A kai shi gida a ba shi ruwa."

Jamilu ya kama hannunsa suka hau gaɓa. Muka rage mu biyu, da shanu arba'in da bakwai suna shan ruwa kamar ba abin da ya faru.

"Lissafin naka," in ji Baffa, "ya faɗi nawa za su rage?"

"Ba ya faɗin wannan, Baffa. Ba ya faɗin wace da wace. Ƙila ba duka suka shaƙa ba. In malamin dabbobi ya zo jibi..."

"Yaushe za mu sani?"

"Mako uku. Ko shida. Wani lokaci ya fi."

Ya gyaɗa kai. Yana duban su ɗaya bayan ɗaya, kuma na san sunayensu yake kira a zuci. Jar saniyar Malam Ismail tana tsakiyarsu, bakinta yana ɗigar ruwa.

"Wannan ma ta shinshine ta," ya ce.

"E."

"In aka kai ta Ƙofa gobe?"

"Za ta kai musu, in ta ɗauka. Daga can kuma akwai layi bakwai."

Ya miƙo hannu. Ban gane ba sai da ya ce, "Wayar. Nemo mini shi."

Na nemo lambar Malam Ismail na ba shi. Ya riƙe ta da hannu biyu. Suka gaisa doguwar gaisuwa, har da tambayar almajirai da amfanin gona, muryar Baffa ba ta canja ba.

"Malam," ya ce, "ciwon ya shigo mini yau. Saniyarka tana cikinsu. Ba zan kawo ta ba. In ta mutu, a hannuna ta mutu. Ka yafe mini. Kuma ka gaya wa mutanen wajenku, duk wanda ke riƙe da tawa ya riƙe, duk wanda nake riƙe da tasa kada ya zo."

Ban ji abin da Malam ya ce ba. Baffa ya miƙo mini wayar ba tare da ya kashe ba, ya juya mini baya, ya sa gefen rawaninsa ya goge fuska. Shekara sittin da wani abu yana da ita, ban taɓa ganin haka ba, kuma ni na jawo.

A bayanmu Wule ta yi tari, busasshe, sau biyu. Shanun da ke cikin ruwa suka ɗago kai gaba ɗaya. Baffa ya zauna a kan yashi yana fuskantar su, ya karkata kunne, ni ma na zauna kusa da shi muka fara saurare.